Motar Da Ba Ta Da Inuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake ba ni da shakka a kan lafiyarka, tunda da idona na ga yadda ka yi da kwanon ɗumame yau da safe. Allah Ya ƙara lafiya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi ranar Lahadi, Ya sa wannan aiki na shagon haɗa kwamfuta da ka samu a Kano ya zama mabuɗin alheri gare ka da mu baki ɗaya.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga ubanka ya zauna yana rubuta maka wasiƙa kamar kana Makka. Dalilin kuwa ka san shi. Ni da kai ba mu iya zaman minti goma ba tare da gardama ba. In na ce ja, ka ce kore, kafin a ankara innarka ta ɗauke tabarmarta ta bar mana wurin. Takarda kuwa ba a katse ta. Ko ka ji haushi, sai dai ka ajiye ta ka sha ruwa ka dawo, ka tarar da ita inda ka bar ta.

Bari in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki biro, kada in yi ta kewaye-kewaye. Maganarka da Bashiru ce, ɗan Malam Umaru na Kebbe. Ba na son ka hau motar Kano kana gaba da yaron nan.

Kun manta ina cikin gurup ɗinku na waya, na masu wasan kwamfuta na Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji, don ba na sa baki. To ina nan, ina karanta komai. Tun da sababbin katunan hoto suka fito, mako uku ke nan wayata ba ta huta ba. Innarka har ta tambaye ni wai mene ne wannan kati da ake ta fama a kansa. Na ce mata shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ake gani a allo. In yana da ƙarfi, wasa ya tafi sumul, in ba shi da ƙarfi, ya riƙa ɗingishi. Na ce kamfani biyu ke tsere a kansa, ɗaya kwalinsa kore, ɗaya ja, shi ya sa ake da 'yan kore da 'yan ja. Ta dube ni ta ce, "To a kan wanga ɗan abu kuka ta da jijiyar wuya? Ni na aza gona anka raba."

Gardamarku ta yi mini daɗi da farko, wallahi. Bashiru ya ce sabon katin kore yana cika hotunansa da ƙage, wai kati ne ke cankar hoton da zai shiga tsakanin hoto da hoto, sannan a ƙirga maka shi kamar na gaske. Ya ce na ja ya fi wurin ajiya, kuma bai kai wancan cin aljihu ba. Kai ka ce ido ba ya bambanta na ƙage da na gaske in wasa na gudu, kuma a wajen haske da ruwa da madubi babu mai kama ƙafar kore. Ya turo bidiyo, ka turo bidiyo. Ina kwance a ƙarƙashin rumfa ina murmushi, ina cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, a duk gurup ɗin nan babu wanda ya taɓa riƙe ko kwalin sabon katin, balle ya ji ɗuminsa a hannu.

Sai ka rubuta wannan magana. Ka ce wanda ke wasa da kwamfutar da babansa ya gaji da ita bai kamata ya sa baki a zancen sabon kati ba. Yara suka yi ta turo hoton dariya. Bashiru ya fita daga gurup. Yau kwana tara, yaron da kuka yi makaranta tare, wanda ba ya wuce kwana biyu bai kira ka ba. Na lura kana duba wayarka kana ajiyewa. Kada ka ce mini ba komai, ni na haife ka.

Zan dawo kan wannan. Amma tunda yau na samu fili babu mai katse ni, bari in fara kwance maka kayan wautata tun daga ƙasa, don ka san wanda ke yi maka wa'azin ba waliyyi ba ne.

Katin kirki na farko da na saya, kana rarrafe a lokacin. Wata shida ina karanta labarinsa, na haddace lambobinsa kamar karatun allo, amma ko sau ɗaya ban ɗauki abin awo na auna cikin akwatin kwamfutata ba. Da aka kawo shi daga Sakkwato, na buɗe akwati, na tura, ya ƙi. Na karkata shi, ya ƙi. Ya fi wurin tsawo da kamar yatsa uku. Mai hankali zai nemi babban akwati. Ni kuwa na ɗauki akwatin a kai na nufi wurin Ɗanjabo mai walda a bakin tasha.

Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Malam Bello, mi kaka so in yi ma wanga abu?"

Na ce, "Yanke nan za ka yi."

Ya ce, "Ni ƙofa nika yi da taga. Ban taɓa yi ma kwamfuta tiyata ba."

Ya dai yanke. Kati ya shiga, amma wutsiyarsa na waje, duk wanda ya shigo shagona sai ya tambaya ko kwamfutar haihuwa za ta yi. Da na kunna kuma sai janareta ya yi tari biyu ya mutu, don ban tambayi kaina wutar da katin ke sha ba. Saboda haka, Hamza, ka auna kafin ka saya. Ka auna akwati, ka auna wuta, ka auna ƙarfinka. A Kano za ka ga abubuwa masu kyau da yawa, a shago da wajen shago, ba duka ne za su shiga cikin rayuwarka ba tare da an yanke wani wuri ba. In ka ga sai an kira mai walda, to abin ba naka ba ne tukuna.

Na biyu, zafi. Ka san bazarar Tambuwal, lokacin da ko ƙadangare ke neman inda zai fake. Katin nan ya riƙa huci, fankarsa na kuka, wasa na tsayawa. Sai dabara ta faɗo mini. Na ga yadda ake naɗe jarkar ruwa da jiƙaƙƙen buhu ta yi sanyi, na ce to me ya raba jarka da kwamfuta? Na jiƙa buhu, na matse, na lulluɓa wa akwatin.

Innarka ta kawo mini abinci shago ta gani. Ta ce, "Wanga abu da wuta shika aiki, kai kau kana ba shi ruwa?"

Na ce, "Ke mi kin sani ga kwamfuta?"

Ta ce, "Ban san kwamfuta ba. Amma na san wuta da ruwa ba su zama ɗaki guda."

Kwana uku aka yi ina taƙama, ina nuna wa mutane fasahata. Rana ta huɗu ƙauri ya tashi, allo ya yi baƙi. Na koma gida ina jiran ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta dama mini fura, ta ajiye a gabana, ta durƙusa cikin ladabi ta ce, "Malam, ya mai jiki?" Har yau in na tuna sai na yi dariya, amma a ranar ban yi ba.

Abu biyu na koya. Waɗancan masu gwada kati a bidiyo a ɗaki mai sanyi suke, wutarsu ba ta ɗaukewa, ba su san bazara ba. Ka saurare su, amma kada ka rantse da lambarsu sai ka gwada a ƙasarmu, gani ya kori ji. Ɗaya abin kuma, kada ka raina shawarar wanda bai san sana'arka ba. Sau da yawa ya san wani abu da ya girmi sana'ar. Maigidanka na Kano, da mai shara, da tsohuwar da za ta sayar maka da ƙosai, kowa ka ba shi kunne.

Akwai kuma wani malamin makaranta daga Dogon Daji, mutum mai sanyin hali, da ya zo in haɗa masa kwamfuta. Abin da yake so kawai ya buga tambayoyin jarrabawa, yaransa kuma su saurari karatu. Ban ma bari ya gama bayani ba. A lokacin akwai wani katin ja da nake mutuwar so, na yi ta zuba masa kirarinsa har ya gyaɗa kai don kunya. Na saka masa. Ashe ɗan ƙaramin sola gare shi a gida. Kafin azahar batir ya ƙare, matarsa ta rasa ko fitila, fanka kuma na ruri a ɗaki kamar injin niƙa. Bayan mako ɗaya ya dawo da kayan ɗaure a babur, ya yi sallama, muka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Malam Bello, ni jaki nib biɗa, ka ba ni doki mai cin dawa."

Na cire katin, na ba shi haƙuri, amma bai sake kawo mini aiki ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan ita ce jarrabawar da za ka fi haɗuwa da ita a shago. Mutum zai shigo ya ce wanne ya fi. Bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce kore. Ka danne. Ka tambaye shi me zai yi da shi, wace wuta gare shi a gida, wane irin allo. Ka bari ya gama magana ko da ka riga ka san ƙarshenta. Wani ja ne zai yi masa, wani tsohon kati ma ya ishe shi, wani ba ya bukatar kati sam. In ka faɗa masa gaskiya ya tafi bai saya ba, zai dawo da ƙaninsa. Kai dai ba wakilin kamfani ba ne, ba su san da zamanka a duniya ba.

Wata 'yar gajeriya kafin in shiga babbar. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa leƙowa shagona bayan an idar da la'asar, ya tarar da ni na riƙe linzamin wasa ina tseren mota, ina ce wa raina saura zagaye ɗaya. Ya tsaya da sandarsa yana kallon allon, can ya ce, "Bello, da wa kaka wanga tsere? Ai liman ya riga ka kai." Ya juya ya tafi. A Kano babu mai leƙo ka da sanda. In an kira salla ka tashi, wasa yana da maɓallin tsayarwa, don haka aka yi shi.

To yanzu ga wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har innarka.

Ka san ni da Malam Umaru, baban Bashiru, muna gaisawa. Abin da ba ka sani ba, ko ka manta don kana ƙarami, shi ne da can babu wanda ya kai shi a wurina. Tare muka koyi kwamfuta a Sakkwato, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Da ya koma Kebbe aikin malamin gona, duk Asabar sai ya hau babur ya zo Tambuwal, ko da damina ce hanya ta lalace. Ya zo da ƙullin gyaɗa, ya ɗauko Bashiru a gaba, ku yi ta wasa a ƙofar shago, mu kuwa mu yi ta gardama har rana ta yi sanyi. Shi ɗan kore ne, ni ɗan ja. Ka ga ikon Allah, ɗana ya bi Umaru, ɗan Umaru ya bi ni.

Shekara tara da suka wuce sababbin katuna suka fito, kamar yanzu. Shi ya sayi nasa, na sayi nawa. Gardama ta ƙi ƙarewa, har mutanen bakin tasha suka ce sun gaji, a kawo kwamfutocin biyu a jera a gani. Muka sa Asabar. Wasan tseren mota ɗaya, hanya ɗaya, kuma a kusurwar allo akwai lambar da ke nuna hoto nawa kati ke zanawa a sakan guda. Wanda lambarsa ta fi, shi ya ci. Muka naɗa Ɗanjabo mai walda alƙali, don shi bai san kore ba bai san ja ba, lamba kawai ya iya karantawa.

Da safiyar ranar, kafin kowa ya zo, na gwada nawa ni kaɗai. Umaru ya taɓa faɗa mini lambar da nasa ke kaiwa, kuma Umaru ba ya ƙari a magana. Na ga nawa bai kai ba. Da kaɗan ne, amma bai kai ba. Na zauna ina kallon allon, ina tuna duk cika bakin da na yi a garin nan. Sai na shiga wurin saiti na kashe inuwa. Ka san inuwa na cin ƙarfin kati. Da na kashe ta, lamba ta yi tsalle. Na ce wa raina wa zai lura da inuwa mota na gudu.

Bayan azahar shago ya cika, har da masu leƙe ta taga. Aka kunna, motoci suka tashi. Ɗanjabo na tsaye a tsakiya yana karanto lamba kamar mai gwanjo, ya dubi nan ya dubi can. Aka yi zagaye uku, ya ɗaga hannuna ya ce ja ta ci. Aka yi ta tafi.

Umaru bai tafa ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya matso kusa da allona ya ƙura ido. Sannan ya sunkuyo daidai kunnena, a hankali yadda babu wanda zai ji, ya ce, "Bello, motarka ba ta da inuwa."

Hamza, ka duba irin mutumin nan. Ya kama ni dumu-dumu, amma ya rufa mini asiri. Ƙofa ya buɗe mini. Da na yi dariya na ce ka kama ni, a sake, da an yi raha an watse, da yanzu labari ne muke ba jikoki. Amma tafin nan ya riga ya hau mini kai. Sai na ɗaga murya na ce, "Jama'a, kun ji! An ka da shi, ya koma biɗar inuwa. Umaru, in inuwa kaka so, ga icen bedi nan ƙofa."

Shago ya kece da dariya. Wani ya ce Mai Inuwa, sunan ya bi shi har kasuwa. Shi dai ya yi murmushi, ya kwance wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe, ya ɗaure kwamfutarsa a bayan babur da roba, ya ɗora Bashiru a gaba. Ya ce mini, "To, sai wata Asabar." Har yau Asabar ɗin ba ta zo ba.

Ba mu yi faɗa ba, ka gane. Da faɗa muka yi da manya sun shiga sun sasanta. Muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, mu yi musabaha, ya tambayi iyali, in tambayi iyali. Sai dai tun ranar bai sake ce mini Bello ba. Malam Bello yake cewa, kamar yadda baƙo ke kirana, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na ji abin a ƙirjina. Sau nawa na yi niyyar zuwa Kebbe. Shekarar farko na ce bari ya huce. Ta biyu na ce ai ya manta, kada in tayar da tsohon zance. Daga nan kunya ta yi kauri, kowace shekara ta fi ta baya nauyi. Ina kewarsa, wannan ita ce gaskiya. Na yi gardama da mutane da yawa bayansa, babu wadda ta yi mini daɗi.

Kuma ga abin da ya sa na kasa cin abinci ranar da na karanta maganarka. Wannan tsohuwar kwamfuta da ka yi wa Bashiru gori da ita, ita ce wadda Umaru ya ɗauro a babur ranar. Katin da ke cikinta shi ne ya ci nawa. Tun daga ranar Umaru bai sake sayen kati ba, bai sake zancen ba, ya bar wa yaro kayan. Uba ya zalunce ta, ɗa ya zo ya yi mata dariya. Kai ba ka sani ba, amma ba na jin Bashiru bai sani ba.

Kada ka ɗauka ina ce maka ka bar gardama. Ina! Mu da gardama sai dai mutuwa, ita ce gishirin wannan sana'a. Kuma in don ta katin ne, kana da gaskiya a wajen haske, shi ma yana da gaskiya a wajen wurin ajiya, ko da yake ka san inda zuciyata ta karkata. Abin da nake ce maka shi ne, ka yi gardama da kati, kada ka yi da aljihun mai katin. Ranar da ka ga hujja ta ƙare maka, za ka ji wata magana mai zafi ta taso maka, wadda ka san za ta sa a yi dariya. Wannan ita ce alamar an ka da kai. Ka haɗiye ta ka ce ka yi gaskiya. Babu wanda ya taɓa mutuwa don ya ce an fi shi. Katin da kuke faɗa a kansa, nan da shekara biyu za a fito da wanda zai mai da shi abin tausayi, ku da kanku za ku riƙa yi masa ba'a. Aboki irin Bashiru kuwa ba a fito da sabonsa.

Na san abin da kake shirin yi, don ni ma da shi zan yi. Kana so ka bari sai ka isa Kano ka tura masa ɗan saƙo da hoton dariya, ka ce wasa kake yi. A'a. A gaban mutane ka yi, don haka a gurup za ka rubuta cewa ka yi kuskure, da kalmomi cikakku. Amma kafin nan sai ka je ka same shi ido da ido, zumunci a ƙafa yake. In ka tafi da wannan abu a tsakaninku, nisa zai taya ku, kowa ya samu sababbin abokai, wata rana ku haɗu a wurin ɗaurin aure ya ce maka Malam Hamza. Na san yadda wannan ke da ciwo, ba na so ka sani.

Sauran kuwa ka riga ka ji su har sun gundure ka. Ka riƙe amanar kayan mutane, abin da ka gani a cikin kwamfutar wani ka bar shi a can. Ka ci abinci a kan lokaci, ba shayi da burodi kullum ba. Ka kira innarka ranar Juma'a, ba saƙo ba, kira, don muryarka take so. In sabon katin nan ya shigo shagonku, ka gwada shi da kyau, komai a kunne, ka faɗa mini gaskiyar abin da ka gani ko da kore ce ta ci. Zan daure.

Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin bakinka. Allah Ya haɗa ka da maigida mai adalci da abokai na gari, Ya sa albarka a hannunka, duk abin da ka haɗa ya tashi. Allah Ya tsare maka sallarka, Ya dawo mana da kai cikin aminci. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, har da komawarka kore. Innarka ma ta sa maka albarka.

Amma kafin Kano akwai Kebbe. Jibi Juma'a, in an sauko daga masallaci, ka zuba mai a babur ka duba iskar taya. Ba kai kaɗai za ka ba. Ba zan tura ka ka yi abin da na kasa yi shekara tara ba, ina zaune a gida ina jiran labari. Kai ka shiga wurin Bashiru, ni in yi sallama da babansa in faɗa masa abin da ya riga ya sani. Ban san abin da zai ce ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina jin tsoro. Saboda haka kai za ka tuƙa, ni in hau baya. In ni na riƙe kan babur ɗin nan, na san kaina, muna kaiwa mararraba zan tuna da wani aiki a shago. Ko na taɓa kafaɗarka na ce mu juya, kada ka tsaya.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya sa mu same su a gida.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Bello
Tambuwal